Zaɓen babur na doguwar tafiya ga wanda hanyar gidansa burji ce da rairayi

Ƙanena da ke bi mini yana sana'ar riɗi da zoɓo. Yana saye a kasuwannin Gujungu da Gumel da Maigatari, yana kaiwa Dawanau, kuma kusan duk bayan mako biyu sai ya leƙa Kaduna wajen abokan cinikinsa. Shekara da shekaru yana wannan zirga-zirga a kan Boxer, wani lokaci kuma ya ajiye shi a tasha ya shiga motar haya. Da kakar bana ta yi masa kyau, sai ya same ni bayan sallar isha'i, wayarsa cike da hotunan manyan babura, ya ce: "Yaya, so nake in sayi wanda zan tashi daga gida in sauka Kaduna ban ji kamar an yi mini duka ba, amma kuma ba na son wanda zai gagare ni a kwana ko a cunkoson 'Yankaba." Na daɗe ina hawan irin waɗannan babura tsakanin Kano da Abuja da Jos, don haka muka zauna muka auna su ɗaya bayan ɗaya, kuma na ga ya kamata in rubuta abin da muka tattauna, domin ba shi kaɗai ne ke wannan tambaya ba a yanzu.

Irin baburin da yake nema kamfanoni sun ƙera shi ne don ya haɗa halaye biyu da ba su cika zama wuri ɗaya ba. Daga baburin tsere ya ɗauko ƙarfin inji da saurin amsa umarni a kwana, daga baburin yawon duniya kuma ya ɗauko zama a miƙe, da gilashin gaba mai tare iska, da babban tanki, da wurin maƙala akwatunan kaya a gefe. Sai dai waɗanda suka zana su suna tunanin titunan Jamus da Faransa da Japan ne, inda kwalta take tun daga ƙofar gida har inda za a sauka. Garinmu kuwa sai an yi tafiyar burji mai ramuka, an ratsa wani kwari mai rairayi wanda da damina yake komawa taɓo, kafin a hau kwalta. Wannan ɗan guntun hanya shi ne ya fi kowane abu tasiri a shawarar da na ba shi, ko da yake bai kai kashi ɗaya cikin talatin na tafiyar Kaduna ba.

Wanda ya fara nuna mini shi ne Kawasaki Ninja 1000SX, kuma ban yi mamaki ba, domin kyansa na ɗaukar ido. Injinsa silinda huɗu ne a jere, mai girman cc 1043, yana ba da ƙarfin doki 142, nauyinsa kilo 235 idan an cika tankinsa mai cin lita 19. Daga samfurin 2020 an sa masa na'urar riƙe gudu, wadda ke ba mutum damar sassauta hannun dama a doguwar hanya. A kan kwalta mai kyau, irin wadda aka gyara tsakanin Kano da Zariya, babu abin kushewa a tare da shi, yana tafiya sumul, yana shiga kwana kamar an ɗora shi a kan layin dogo. Amma tazarar cikinsa da ƙasa milimita 135 ce kacal, robobin jikinsa sun sauko har ƙarƙashin inji, kuma tayarsa ta baya mai faɗin milimita 190 siririn gefe gare ta, wato babu naman roba mai yawa tsakanin rim da titi. Idan aka faɗa rami mai kaifin baki da gudu, rim ɗin ne ke karɓar dukan. Tudun rage gudu da mutanen gari ke ginawa a ƙauyukan da ke bakin titi, wanda wani ya kusa kai tsayin bulo, kowane ɗaya sai an bi shi a karkace, da fargaba. Ga shi kuma zaman nasa yana ɗan duƙar da mutum gaba, gwiwoyi a lanƙwashe, abin da ɗan shekara ashirin da biyar ba zai ji ba, amma wanda ya haura arba'in zai ji shi a wuyan hannu tun kafin ya wuce Kwanar Dangora. Suzuki GSX-S1000GT, wanda ya fito a 2022 da ƙarfin doki 152, ɗan uwansa ne a hali da matsala, don haka hukuncinsu ɗaya.

Na biyu shi ne Yamaha FJR1300, kuma a nan muka fi daɗewa, saboda shi ne ya fi jan hankalin mai neman hutu. Tun 2001 aka fara ƙera shi, don haka tsofaffinsa na shigowa cikin kayan Kwatano da farashin da ba ya firgitarwa. Injinsa cc 1298 ne, tankinsa lita 25, gilashin gabansa da maɓalli ake ɗaga shi a sauke shi ana cikin tafiya, kujerarsa kuma faffaɗa ce har ga wanda aka goya. Babbar falalarsa ita ce ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce a rufe take juya tayar baya kamar yadda ake yi a mota. Duk wanda ya san yadda ƙurar hunturu ke haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar dutsen niƙa, tana cinye sarƙar da haƙoranta cikin 'yan watanni, ya san darajar wannan. Idan da a ce gidanmu a Dutse yake ko a cikin Ringim, kuma tafiyar kullum Abuja ce ko Maiduguri da iyali a baya, da ban yi jinkirin cewa ya saye shi ba.

Abin da ya hana shi ne nauyi. FJR1300 ya kusa kilo 290, wato ya haura nauyin Boxer biyu da rabi, kafin a ɗora masa mutum da kaya. A kan kwalta da gudu nauyin ɓacewa yake yi, har ma yana taimakawa idan tirela ta wuce ta watso iska. A cikin rairayi kuwa labari ya sha bamban. Na taɓa shiga kwarin garinmu da wani babban babur mai irin wannan nauyi, da yamma, bayan shanu sun tattake hanyar sun mai da ita gari. Tayar gaba ta nutse ta fara noma, kan baburin ya karkace hagu, na sauke ƙafa sai ita ma ta nutse har idon sawu, ya kwanta a hankali kamar raƙumi, ya danne mini ƙafar wando. Ban ji ciwo ba, amma ni kaɗai na kasa ɗaga shi, sai da wasu samari uku masu dawowa daga gona suka ajiye fartanyoyinsu muka haɗu muka miƙar da shi. Wanda zai bi wannan hanya sau biyu ko uku a mako, wani lokaci da asuba babu kowa a kusa, bai kamata ya ɗora wa kansa wannan ba. Akwai kuma batun zafi: samfuran farko, na 2001 zuwa 2005, sun yi suna wajen turo hucin inji a cinyar mahayi, sai a 2006 aka gyara hanyar fitar iskar. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a yankinmu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. BMW R 1250 RT yana cikin wannan aji, da kilo 279 da tanki lita 25, kuma ya fi shi kayan alatu, amma gyaransa na neman kwamfutar bincike da bakaniken da ya san shi, abin da ba a samu a tsakanin Gezawa da Haɗeja.

Idan ana maganar haɗa hutu da saurin juyawa a zahiri, Yamaha Tracer 9 GT ne ya fi kusa da cika sharaɗin. Ya fito a 2021 da inji mai silinda uku, cc 890, ƙarfin doki 119, nauyi wajen kilo 220, wato ya fi FJR sauƙi da kusan kilo 70. Ana zama a kansa a miƙe kamar a kujera, hannunsa faffaɗa ne, abin da ke sa a juya shi da ɗan motsi kaɗan, kuma yana zuwa da akwatunan gefe, da na'urar riƙe gudu, da shokozoba mai daidaita kanta da lantarki gwargwadon hanya. Har hannayensa suna ɗumama, abin da mutum zai ɗauka ba shi da amfani a ƙasarmu har sai ya tashi da asubahin Janairu ya ji yatsunsa sun sandare kafin ya kai Wudil. A kwane-kwanen hanyar Jos, daga Tudun Wada a ratsa Falgore a hau tuddan Doguwa, ban san wanda ya fi shi daɗin tuƙi ba a cikin waɗanda muke magana. Amma shi ma cikinsa milimita 135 ne daga ƙasa, tayoyinsa inci 17 ne gaba da baya, na kwalta zalla. Kuma duk wata na'urar lantarki da ke ƙara masa daɗi, ranar da ta samu matsala sai an jira kaya daga Legas ko daga ƙasar waje, a farashin dala. Na gaya wa ƙanena cewa wannan baburin mutumin da ke da kwalta har ƙofar gida ne, wanda kuma yake da wani abin hawan da zai koma kansa idan wannan ya kwana biyu a gareji.

Honda NT1100, na 2022, a takarda ya dace da mu fiye da Tracer, domin injinsa mai silinda biyu daga Africa Twin, baburin Honda na ratsa daji, aka ɗauko shi, cikinsa ya ɗaga milimita 175, tankinsa ya ɗan haura lita 20. Sai dai kilo 238 ne, kuma sabo ne har yanzu, kuɗinsa bai sauko inda ɗan kasuwar riɗi zai taɓa ba tare da ya karya jarinsa ba.

Daga nan na jawo hankalinsa zuwa matsakaita guda biyu, waɗanda bai ma ajiye hotonsu a waya ba: Kawasaki Versys 650 da Suzuki V-Strom 650. Na san masu bin ƙa'idar rabe-raben kamfanoni za su ce waɗannan sun fi karkata ga baburan ratsa daji, musamman na biyun, kuma da gaskiyarsu. Amma aikin da ake nema shi ne doguwar tafiya cikin hutu da saurin juyawa, kuma a hanyoyinmu su biyun suna yin wannan aiki fiye da waɗanda aka ƙera dominsa. Dukansu silinda biyu ne, ƙarfinsu wajen doki 70, nauyinsu tsakanin kilo 213 da 219 gwargwadon shekara, cikinsu wajen milimita 170 daga ƙasa, kuma shokozobarsu ta gaba tana da wajen milimita 150 na motsi, inda ta Ninja take da 120. Wannan bambanci na milimita 30 ba ya cika ido a rubuce, amma shi ne ke sa mutum ya ji rami a matsayin ɗan girgiza maimakon duka a ƙashin baya.

Tsakaninsu akwai bambanci na gaske. Versys 650 tayoyinsa inci 17 ne gaba da baya, gajere ne tsakanin taya da taya, don haka ya fi saurin faɗawa kwana, kuma a cunkoson gari yana ratsa tsakanin Adaidaita Sahu kusan kamar ƙaramin babur. Daga samfurin 2015 tankinsa lita 21 ne, an kuma sa wa injin roba a mazauninsa don rage karkarwar da ake kuka da ita a na farko. V-Strom 650, wanda aka fara ƙerawa a 2004, silindojinsa biyu sun buɗe ne kamar harafin V, abin da ya sa injin ke tafiya cikin natsuwa, ba ya sa hannu ya yi sanyi bayan awa uku. Tayarsa ta gaba inci 19 ce, siririya, mai kaurin gefe. Babbar taya tana hawa kan rami maimakon ta faɗa ciki, kuma a burji da rairayi tana riƙe hanyarta fiye da ƙarama mai faɗi. Abin da aka biya a madadin haka shi ne yana ɗan jinkirin karkata a kwana idan aka gwada shi da Versys, amma jinkirin da sai wanda ya hau su biyun a rana ɗaya zai lura da shi. Samfurin XT yana da rim mai wayoyi wanda kuma ba ya bukatar tib, wato yana jure duka, kuma idan ƙusa ta shiga ana toshewa a gefen hanya ba sai an cire taya ba. Daga 2017 an ƙara masa na'urar hana tayar baya sulɓewa. Kujerarsa doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, ta fi ta Versys daɗi ga wanda aka goya.

Sai lissafin mai, wanda tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya zama abin da ake fara dubawa. Boxer na iya yin kilomita 50 ko fiye da lita ɗaya, kuma babu ɗaya cikin waɗannan da zai kusanci haka. Matsakaitan biyu suna yin wajen kilomita 22 zuwa 25 a lita idan ba a matsa musu ba, Tracer wajen 20, Ninja da FJR kuwa wajen 16 zuwa 18. Daga Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, idan aka haɗa da tafiyar gida zuwa Kano an haura 300. V-Strom da lita 20 zai yi wannan tafiya da ragowar mai a tanki, haka Versys, amma Ninja da ƙyar zai kai ba tare da ya tsaya shan mai a hanya ba. Muhimmancin wannan ya wuce batun kuɗi. Duk waɗannan babura da injekta suke aiki, wato na'urar lantarki mai fesa wa inji mai, ba kafireto irin na Boxer ba, kuma akwai ƙaramin famfo a cikin tanki wanda datti da ruwa ke kashewa. Man galan na bakin titi da Boxer ke sha ya wuce, a nan yana iya tsayar da babur a tsakiyar daji, kuma bakaniken ƙauye da ke kwance kafireto ya busa shi da baki ya mayar ba shi da abin yi a kai. Babur mai dogon zango yana ba mutum damar shan mai a gidan man da ya amince da shi kaɗai.

Game da ƙarfi, na roƙe shi ya yi wa kansa adalci. Boxer ƙarfinsa wajen doki 8 ne. Tsallakawa daga nan zuwa 70 ma babban mataki ne, balle 142. Dokar hanya ta Nijeriya ba ta yarda ko ƙaramar mota ta wuce kilomita 100 a awa ba a tagwayen hanya, kuma titinmu na awaki ne da amalanken shanu da yara masu tallan rake da motar da ke tahowa a hannun da ba nata ba. Ƙarfin da ake bukata shi ne wanda zai wuce tirela cikin 'yan daƙiƙu a koma hannu lafiya, kuma doki 70 ya isa haka har da goyo da kaya. Wanda ma yake jin 650 ya yi masa yawa, akwai Honda CB500X mai cc 471 da ƙarfin doki 47, wanda bai kai kilo 200 ba, kuma daga 2019 shi ma tayarsa ta gaba inci 19 ce. Abin da ba zan yarda a yi ciniki a kansa ba shi ne birkin ABS, wanda ke hana taya daskarewa idan an damƙe birki a firgice. Tsofaffin V-Strom da Versys ba duka ke da shi ba, don haka a duba faifan birki a ga ƙaramin zobe mai ramuka, a kuma tabbatar fitilarsa na kamawa idan an kunna makulli, ta mutu bayan an fara tafiya.

Duk wanda aka zaɓa cikin masu sarƙa, sai an ɗauki ɗawainiyarta: a wanke ta da kananzir, a sa mata mai duk bayan kilomita 500 ko makamancin haka, da hunturu ma a fi haka yawaita. A tuna kuma sarƙar waɗannan a buɗe take, ba kamar ta ƙananan babura mai murfi ba. Babbar riga da bakin hijabi da gefen zani suna iya shiga tsakaninta da taya, kuma a irin wannan gudu sakamakon ba shi da daɗin faɗa, don haka a tattare tufafi sosai kafin a tashi. Taya kuma a tambayi samuwarta tun kafin a biya kuɗin babur, domin mai faci na ƙauye ba ya ajiye irinta, kuma a karanta lambobi huɗu na gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, saboda tayar Kwatano na iya zama da zane mai kyau alhali robar ta bushe. Tsayin kujerun V-Strom da Versys daga ƙasa duka ya haura milimita 800, saboda haka mutum ya hau ya ga ko ƙafafunsa na taka ƙasa sosai. A nemi takardun kwastan a gwada lambar jikin babur da ta takarda, a yi lasisin tuƙi na ajin A, wato na babur, a sayi hular kwano mai rufe haɓa, kuma kafin kowace tafiya a binciki dokar jihohin da za a ratsa, domin wasu sukan taƙaita zirga-zirgar babura saboda tsaro.

Da muka gama, na ce masa idan kuɗina ne, V-Strom 650 zan saya, na 2017 zuwa sama, XT idan an samu, in kuwa aljihu bai kai ba to na 2012 zuwa 2016 mai ABS. Versys 650 na biye masa, kuma zai iya shiga gaba ga wanda yawancin tafiyarsa kwalta ce da cikin gari. Ya yi shiru yana sake kallon hoton Ninja, sannan ya ce: "To Yaya, ranar Asabar ka raka ni Kano mu gani da ido." Na ce masa ya zo da tocila da ɗan tsumma, domin za mu leƙa cikin tanki mu ga ko akwai tsatsa, mu shafa sandunan shokozobar gaba mu ga ko suna tsiyayar mai, kuma ya gaya wa dillalin kada ya tayar da injin kafin mu iso, a sanyaye muke son jin yadda yake tashi.